RUWAN JAMA'ARE KAƊAI YA RAGE MANA

Jawabi ga masunta da manoman fadama na kwarin Haɗeja, Nguru da Gashuwa



Sarkin Ruwa, ranka ya daɗe. Dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayena mata masu banda, sannunku da hayaƙi. Samari 'yan'uwana, waɗanda suka ɗaure jirage suka zo da laka a ƙafa, sannunku da ƙoƙari. Na gode da kuka bar sana'a kuka zauna ku ji ni.

Yawancinku kun san ni da alli a hannu, don 'ya'yanku na koyar. Wasu sun tare ni a kasuwa suna cewa, "Malam, me ya kai ka siyasa, ga albashinka yana zuwa?" To, yau zan ba ku amsa a gaban kowa.

Wata rana ina koyar da labarin ƙasa, na rataya taswira a jikin allo, ina nuna wa yara kogunan ƙasar nan. Sai wani yaro, ɗan masunci, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan shuɗin zaren da ka ce ya bi ta bayan garinmu, ina ya tafi? Mu dai kacalla muke gani." Na rasa abin da zan ce masa. Kafin shekara ta zagayo yaron nan ya bar makaranta, ya bi ubansa ci-rani, don su ya daina ciyar da gidansu. Kuma ba shi kaɗai ba. Kowace kaka in na buɗe rajista ina kiran suna, sai in ji shiru a nan, shiru a can. Da na bi sawun yaran nan, sai na tarar maganar duk ta ruwa ce. Da na bi sawun ruwan, sai ya kai ni ƙofar masu mulki. Abin da ya sa na ajiye alli ke nan.

YADDA ALLAH YA TSARA KOGIN NAN

Bari mu fara da abin da dattawa suka fi ni sani, amma ya kamata samari su ji. Koguna biyu ne suke shayar da mu. Na farko kogin Haɗeja, wanda ya samu daga haɗuwar kogin Kano da kogin Calawa, ya biyo ta Wudil ya gangaro mana. Na biyu kogin Jama'are, wanda ya taso daga duwatsun Jos, ya ratsa ƙasar Bauci. Da suka iso nan inda ƙasa ta kwanta, sai suka rarrabu, suka bazu cikin fadamu, kana suka sake haɗuwa wajen Gashuwa suka zama kogin Yobe. Shi kuma ya wuce ta Gaidam da Damasak, ya bi iyakarmu da Nijar ta wajen Difa, ya je ya zuba a Tafkin Cadi.

Arzikinmu kaf yana cikin cikowa da janyewar ruwan nan. In damina ta yi nisa kogi ya ciko ya hau fadama, kifi sai ya biyo shi. Tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da kawara su shiga cikin ciyawa su zuba ƙwai. 'Ya'yan su ƙyanƙyashe a ruwa mara zurfi, inda abinci ya yi yawa kuma manyan kifaye ba sa cim musu da sauƙi. In ruwa ya fara janyewa, sai su komo kogi da tafkuna sun yi ƙiba, masunci ya tare su da koma. Inda ruwa ya janye kuma manomi ya bi da shuka, wanda ya sa shinkafa ya yanke abinsa. In rani ya yi tsanani Bafillace ya kawo shanu su ci ɗanyar ciyawa, su bar taki. Ruwan da ya kwanta wata da watanni ya nitse ƙasa, shi ne rijiyoyinmu suke sha, shi ne goruba take sha. Fili ɗaya, sana'a uku, kowa da lokacinsa. Ba wanda ya zauna a ofis ya tsara wannan, kuma bai taɓa cin gwamnati ko kwabo ba.

ABIN DA YA FARU DAGA 1974

Bayan farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, hukuma ta ga cewa maganin yunwa shi ne a tare ruwa a yi noman rani. A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano. A 1976 aka kafa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. A 1992 aka gama madatsar Calawa a ƙasar Ƙaraye. Ga kuma shingen da aka yi wa kogi a kusa da Haɗeja don noman rani. Watau duk manyan hannuwan kogin Haɗeja an sa musu ƙofa, makullin kuma yana hannun wasu.

Ku ji ni da kyau, don kada a je a ce malamin nan ya zagi mutanen Kano. Mutanen birnin Kano suna shan ruwan nan, kuma hakkinsu ne su sha. Manoman Kura da Kadawa suna noman shinkafa da tumatir da shi, talakawa ne irinmu, Allah ya sa musu albarka. Ban da wannan, fari ma ya yi nasa ɓarnar, wanda ya ga 1984 ba sai an ba shi labari ba. Kukanmu shi ne, da aka zauna rabon ruwan nan, ba a ajiye wa na ƙasa kasonsa ba, ba a ma kira shi zaman ba.

Me dam yake yi wa kogi? Da damina, lokacin da kifi yake jiran ruwa ya hau fadama, sai a riƙe ruwan. Da rani, lokacin da ya kamata hanyoyin ruwa su bushe, rana ta ƙone ciyawa, shanu su tattake, sai a yi ta sako shi kaɗan kaɗan. An juya wa kogi kwanansa. Fadamar da ruwa yake rufewa ta ragu ƙwarai, wurin haihuwar kifi ya ragu tare da ita. Dattawa, ina yauni? Ina giwan ruwa irin wanda sai mutum biyu sun kama? Yaran yanzu da yawa sunansu kawai suka sani.

Sannan ga kacalla. Ita ciyawar nan ba ta son komai irin ruwa mara zurfi wanda ba ya ƙafewa duk shekara, kuma shi ne aka ba ta. Ta toshe hanyoyi, yashi da laka suka taru a gindinta. Ruwa ya rasa hanyarsa ta asali, ya karkata ya bi ta Marma ya nufi tafkin Nguru, ya kwanta a gonakin mutane ya ƙi tashi, alhali mutanen Burum Gana da wasu wuraren suna kallon busasshen rafi. Wani yana kuka ruwa ya cinye shi, ɗan'uwansa yana kuka bai ga ruwa ba, duk a kogi ɗaya. Jirgi ba ya ratsa kacalla, koma ba ta shiga. Sauro ya samu gida. Jan-baki ya samu masauki, ya kwana a ciki, da safe ya faɗa wa gero da shinkafa. In kuma aka yi shekara mai ruwa da yawa, kamar 2020 da 2022, ruwa ya zo ya tarar hanya a toshe, sai ya shiga gari. Kun gani da idonku, wasunku a makarantarmu suka kwana.

MAGANAR KAFIN ZAKI

To jama'a, abin da ya hana kwarin nan mutuwa gaba ɗaya shi ne kogin Jama'are. Har yau babu babban dam a kansa. Shi ne yake cikowa da damina yadda ya saba tun kaka da kakanni. Mafi yawan ruwan da yake isa Gashuwa ya wuce Gaidam, nasa ne. Shi kaɗai ya rage mana.

Shi ne kuma ake so a datse a Kafin Zaki, cikin ƙasar Ningi ta Jihar Bauci, inda ake kiran kogin da suna Bunga. Maganar ba ta yau ba ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. An ba da kwangilar aikin a zamanin Shugaba Shehu Shagari. Aka soke a 1984. Aka maido da ita a 1992, aka sake sokewa a 1994. A 2008 aka kuma tayar da maganar, mutanen Yobe da Borno suka ce ba su yarda ba. Har yanzu ba a gina shi ba, amma takardun suna nan a ajiye, ba a yaga su ba. Yadda aka tsara shi, zai riƙe ruwa mita miliyan 2,700 a ma'aunin da injiniyoyi suke auna cikin tafki, watau ya fi Tiga girma, a kan kogin da muka dogara da shi.

Masu son aikin suna cewa za a yi noman rani a fili mai yawa, za a samu rake, samari za su samu aiki. Ba mu ce ƙarya suke yi ba, kuma ba mu ƙi mutanen Bauci su ci gaba ba. Amma a tambaye su: ruwan da za a zuba wa raken nan, daga bakin wa za a ɗauke shi? Kogi ba ya haihuwar ruwa don an gina masa bango. Abin da aka tare a sama, na ƙasa aka hana.

A shekarun 1990 masana tattalin arziki sun zo kwarin nan sun yi lissafi. Suka haɗa kifi da shinkafa da itacen wuta da fadama take bayarwa, suka gwada da amfanin da manyan gonakin noman rani na sama suke bayarwa da ruwa daidai wannan. Sai suka tarar fadama ta fi riba, da rata mai yawa. Abin da ya sa ba a ganin arzikinmu shi ne ba ya bi ta ofis. Kwandon banda da aka ɗora a mota a kasuwar Nguru ko Gashuwa aka yi kudu da shi, ba wanda ya yanka masa kintinkiri, ba wanda ya sa shi a rediyo. Amma gidaje nawa ya ciyar kafin ya isa inda za shi? Masunci ya ci, mai saƙar koma ya ci, mai sassaƙa jirgi ya ci, mai itace ya ci, uwarmu mai banda ta ci, ɗan dako da direba sun ci.

In kuna son ku ga ƙarshen aikin da aka yi ba da shawarar talaka ba, ku tambayi mutanen Bakolori a ƙasar Talatar Mafara. An gama dam ɗinsu a 1978 a kan kogin Sakkwato. Aka tashi garuruwa, aka karɓe gonaki, maganar diyya ta zama rigima. Da manoma suka tare hanya suna neman hakkinsu, a watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sanda da bindigogi, aka rasa rayuka masu yawa. Na ƙasan dam ɗin kuma, masunta da manoman fadama, suka wayi gari ruwan da suka saba gani ya ragu, kifi ya ragu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ba ma son a kai ga tare hanya. Muna so a yi maganar tun takarda tana kan tebur, tun ba a kawo katafila ba.

TSUNTSAYE MA SHAIDU NE

Wani zai ce, "Malam, muna maganar tuwo kana maganar tsuntsu?" Ku saurara. Dinya da kirinjijiya da zalɓe da gauraka, da baƙin tsuntsayen nan da suke zuwa da sanyi, abin da ya kawo su shi ne abin da ya zaunar da mu: ruwa mara zurfi, da ƙananan kifi, da ƙwari, da bado. Waɗansunsu daga ƙasashen Turai suke tasowa, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, su sauka a Dagona da Baturiya. Saboda su ne Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo Dagona a 1989. Saboda su ne a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da hanyar Marma cikin jerin dausayin da duniya ta yi alkawarin kiyayewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne na farko a Nijeriya. Gwamnatinmu ce ta sa hannu, ba wanda ya tilasta ta.

Tsohon masunci in ya fito da asuba, tsuntsu yake duba ya san inda kifi yake. Ranar da kuka ga tsuntsayen nan sun daina sauka, to ku duba cikin komarku. Kada da guza da kunkuru, duk jirgi ɗaya muke ciki da su. Bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram, wanda baƙi suke zuwa kallo daga nesa, da me za a yi shi in kogi bai ciko ba?

NAMU LAIFIN

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ni ɗanku ne, zan faɗa muku gaskiya ko da za ku fasa tafa mini. Akwai masu su da gidan sauro, suna kwashe kifi tun yana kamar ɗan yatsa. Akwai masu zuba guba a tafki, su kashe na ci da na bari, su sayar wa mutane cuta. Akwai masu kafa dumba su tare hanya daga wannan gaɓa zuwa waccan, ko ɗaya kada ya wuce ya je ya hayayyafa. Wanda ya ci iri, me zai shuka baɗi? Da can Sarkin Ruwa in ya ce an rufe tafki kaza sai wata kaza, ba mai sa ƙafa. Ranka ya daɗe, muna roƙo a maido da wannan doka, mu samari mu ne za mu tsaya mata. In muka je gaban hukuma neman hakki, kada a samu abin da za a nuna mana da yatsa. Haka kuma rigimar masunci da manomi da makiyayi a kan ɗan ruwan da ya rage, wa ta amfana? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

ABIN DA MUKE NEMA

Bara na raka waɗansu dattawanku wani ofis da takardar koke a kan toshewar hanyar ruwa. Sau uku muna zuwa, kuɗin mota daga aljihunsu. Zuwan farko aka ce mai gida ya yi tafiya. Na biyu aka ce yana taro. Na uku masinja ya karɓi takardar ya ce za a duba. Har yau ana dubawa. A hanyar dawowa wani dattijo ya ce mini, "Malam, mu ba a ganinmu sai ranar ƙuri'a." To, ranar ƙuri'ar ta matso. Ga abubuwa 5 da jam'iyyarmu ta ɗauka, kuma 'yan takararmu za su sa hannu a kansu a gabanku:

1. Kada a taɓa kogin Jama'are a Kafin Zaki ko wani wuri sai an bincika abin da zai jawo wa na ƙasa. Wannan ba alfarma ba ce, tun 1992 akwai dokar ƙasa da ta wajabta irin wannan bincike kafin babban aiki. A karanta sakamakon da Hausa da Barbarci da Badanci da Fillanci a kasuwanninmu. In ya nuna fadama za ta mutu, a bar aikin.

2. A riƙa sako ruwa daga Tiga da Calawa da damina daidai lokacin da kifi yake haihuwa, gwargwadon da zai hau fadama ba tare da ya ci gari ba. A sanar da ranakun a rediyo tun da wuri, don manomi da masunci su shirya.

3. A sa kuɗin yashe hanyoyin ruwa da sare kacalla cikin kasafin kowace shekara, a ɗauki samarinmu aikin. Kun daɗe kuna yin gayya da lauje da adda, ruwa iya wuya, ba wanda ya biya ku. A 2006 jihohi shida, watau Kano, Jigawa, Bauci, Yobe, Borno da Filato, tare da gwamnatin tarayya, sun kafa asusu a Damaturu don gyaran kwarin nan. Wakilinmu zai tashi a majalisa ya nemi a karanta wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita.

4. Duk inda za a zauna rabon ruwan kogunan nan, a ajiye kujerar masunta, da ta manoman fadama, da ta makiyaya, su kuma su zaɓi wanda zai zauna a kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

5. A ba Sarakunan Ruwa goyon bayan hukuma wajen hana guba da ƙaramar koma, a kuma taimaki masunta da rance mai sauƙi su sayi kayan su na ƙa'ida.

RANAR ZAƁE

'Yan'uwa, ban zo da atamfa ba, ban zo da sabulu ko taliya ba. Masu kawowa suna nan tafe. Sabulu sati biyu ne ya narke, wanda kuka zaɓa kuwa shekara 4 zai yi yana sa hannu a madadinku. Duk ɗan takarar da ya shigo garin nan, namu ko na wani, ku zaunar da shi a tabarma, ku yi masa tambaya ɗaya: mene ne matsayinka a kan Kafin Zaki da ruwan fadama? In ya ce zai duba, kun san irin wannan dubawar. In ya yi alkawari a nan, ku aika a ji abin da ya faɗa a can sama, don akwai masu gaya wa na tudu za a gina, su gangaro su gaya wa na kwari ba za a gina ba. Mu abin da muka faɗa a nan, shi muka buga a takardar nan, kowa ya gani. In ɗan takararmu ya ci ya saɓa, ku ɗauko ta ku karanta masa a bainar jama'a, ni zan riƙe muku lasifika.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali, a bakin kogi, a wajen banda. Kowa ya nemo katinsa ya adana inda ruwa ba zai taɓa shi ba. Iyayena mata, ƙuri'arku daidai take da ta kowane namiji, kada a bar ku a gida. Ran zaɓe a ɗaure jirage, kifi ba zai gudu ba a yini ɗaya. A fita da sassafe, a yi layi cikin natsuwa, ban da zagi, ban da faɗa, a tsaya har a ƙirga a gabanku.

Yaron nan da ya tambaye ni inda ruwa ya tafi, har yau ina riƙe da bashin amsarsa. Ina so ranar da zai dawo gida ya tarar da jirgin ubansa a kan ruwa, ƙannensa kuma suna aji.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Allah ya kiyaye mana kogin nan, ya ba mu shugabanni masu jin kukan talaka.  Jama'a, Allah ya kai kowa gida lafiya.